Ziyarar Yini Ɗaya a Gandun Dajin Yankari

Idan kana son ganin giwa da idonka, ka yi sammako daga Misau, ka bi ta Darazo da Bauchi zuwa Yankari, gandun dajin da aka keɓe a 1956.

Ka tafi da rani. A lokacin nan ruwa yakan ƙafe a daji, sai giwaye da ɓauna da gwanki su taru a bakin kogin Gaji. Da damina kuwa doguwar ciyawa takan ɓoye su. Kada ka sauka daga mota sai ɗan jagora ya ba ka izini, domin giwa mai ɗa ba ta da haƙuri.

Kafin ka juyo, ka yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, amma ka ɓoye guzurinka. Gwaggon biri ba ya roƙo, fizgewa yake yi.