Kuskuren Ƙidaya a Sarrafa Shaidar Isowar Saƙo Cikin Zuciyar Linux

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana wani kuskure na zuciyar tsarin Linux da aka sanar da shi a watan Yuni na 2019, da kuma yadda aka gyara shi. Amma kafin mu kai ga wannan, ya kamata mu tuna yadda ƙa'idar TCP take aiki.

Idan kwamfuta za ta aika da saƙo, takan yanka shi gunduwa-gunduwa, ta riƙe kwafin kowace gunduwa har sai mai karɓa ya aiko da shaidar isowarta. A 1996 aka fito da tsarin SACK, wanda ya ba mai karɓa damar zayyana gunduwoyin da suka iso ko da akwai giɓi a tsakaninsu. Da zarar irin wannan shaida ta zo, Linux takan harhaɗa gunduwoyin da aka ambata wuri guda domin sauƙin lissafi. To, a nan matsalar take.

Gurbin da ake rubuta yawan gunduwoyin ba ya ɗaukar adadin da ya wuce 65,535. Ma'ajiya guda kuwa tana iya cin ɓangarori 17, kowanne mai bayit 32,768, watau bayit 557,056. A zirga-zirgar yau da kullum gunduwa takan haura bayit 1,000, saboda haka ba a kusantar iyakar. Sai dai mai mugun nufi yana iya neman a riƙa aiko masa da gunduwa mafi ƙanƙanta, mai bayit 48, wadda bayit 8 kacal ne saƙo a cikinta. Idan muka raba 557,056 da 8, za mu sami 69,632. Sai ƙidayar ta zarce iyaka ta koma baya, zuciyar tsarin ta ga lissafi ya saɓa, ta tsaya cak. Daga nesa ake yin wannan ɓarna, ba tare da an taɓa na'urar ba.

Jonathan Looney na kamfanin Netflix shi ne ya gano kuskuren, wanda ya shafi Linux tun daga fitowa ta 2.6.29 ta 2009. Ya yi shekara goma yana kwance, abin da a ganina ya isa ya sa mu rage dogaro da cewa yawan masu duba rubutu yana hana kuskure ɓoyuwa.

Gyaran kansa ɗan kaɗan ne: kafin a haɗa ma'ajiya biyu, sai a duba ko jimlar za ta wuce iyaka, in za ta wuce a fasa. Har ila yau an ba mai kula da na'ura ikon ɗaga mafi ƙanƙantar gunduwar da za ta yarda ta aika. Waɗanda ba su sami gyaran da wuri ba, shawarar da aka ba su ita ce su kashe SACK gaba ɗaya, ko da yake hakan yana rage sauri a layin da gunduwoyi ke yawan salwanta.