KIWON KANARI: A ƘYANƘYASHE A GIDA, A BAR NA DAJI

Yau ba zancen hatsi ko wake za mu yi ba. Zancen ɗan tsuntsun nan ne da kuke ratayewa a zaure ko a bakin shago saboda daɗin kukansa, watau kanari.

Wajen rangadin gonaki na sha ganin yara da keji na kara. Suna sa tsuntsu guda a ciki yana kuka, na daji su zo su faɗa tarko. Wani yaro ya gaya mini ya kama shida, kafin kasuwa ta zagayo saura biyu. Abin da bai ƙidaya ba shi ne ɗiyan da aka bari cikin sheƙa. In aka kama uwa tana cikin ciyarwa, yunwa na iya kashe ɗiyanta.

Kanari iri biyu muka fi sani. Akwai mai ruwan toka da fari a gindin wutsiya, tsawonsa kamar santimita 11. Shi ne Faransawa ke kira mawaƙin Afirka. Akwai kuma mai rawayan ƙirji, wanda ya fi yawa can kudu inda itace ke da yawa. Kada ku haɗa su da jan baki mai cinye gona. Kanari ba ya tafiya runduna guda, kuma yawancin abincinsa ƴaƴan ciyawa ne.

Da can ana kwasar irin waɗannan tsuntsaye daga Senegal, Mali da Gine ana kai su Turai. A 2005 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji saboda murar tsuntsaye, a 2007 ta hana gaba ɗaya. Masu kiwo na can sai suka dogara ga ƙyanƙyasa a gida. Mu da tsuntsun yake namu, abincinsa kuma ke ƙofar gidanmu, me zai hana mu? Ga yadda ake yi.

1. Keji. Ƙaramin keji na kasuwa bai isa ba. Ku yi mai tsawon santimita 60 ko fiye, don su samu wurin tashi. Ku rataye shi a inuwa, nesa da hayaƙin murhu, inda mussa, kusu da maciji ba su kai. Lokacin ɗari ku rufe shi da tsumma da dare.

2. Namiji guda, mace guda. Maza biyu a keji ɗaya faɗa ne kawai. Ga mai rawaya, mace tana da ɗigo-ɗigo a wuya kamar sarƙa. Ga mai ruwan toka kamarsu ɗaya ce, sai ku saurara: namiji ne ke doguwar waƙa.

3. Abinci. Ku ba su hatsi mai tsabta, da kan komayya ko wata ciyawa mai ƴaƴa, da ɗan ganyen salati da aka wanke. Ku sa yashi da dakakken ɓawon ƙwai dafaffe, shi ke sa ƙwan mace ya yi ƙwari. A canza ruwa kowace safiya, a sa na wanka daban. Gargaɗi babba: irin shuka da aka cuɗe da magani guba ne. Ko ƙwara guda kada ta shiga keji.

4. Sheƙa. Ku ɗaure ƴar ƙaramar ƙwarya can sama a kusurwa, ku ajiye busasshiyar ciyawa mai laushi da ɗan kaɗa. Mace za ta gina da kanta. Tana yin ƙwai 3 ko 4, ta kwanta kwana 13 zuwa 14. A wannan lokaci ku hana yara leƙe da girgiza keji, don in ta firgita sai ta bar ƙwan.

5. Ɗiya. Da sun fito, ku ƙara wa iyaye dafaffen ƙwai da aka murmushe, da gara in an samu. Hatsi kaɗai ba ya rayar da su. Abin da ya rage ku kwashe kafin rana ta lalata shi. Wajen sati uku suna barin sheƙa, amma kada ku raba su da iyaye sai kun ga suna fasa ƙwara da kansu. Bayan kwanci biyu ko uku ku cire ƙwaryar, uwa ta huta.

6. Lafiya. Ku share keji kowane sati saboda ƙuma. Ku nisanta shi da kaji da agwagi. Mutanen Magarya ba su manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba. In kun ga tsuntsaye suna mutuwa haka kawai, kada ku taɓa su da hannu, ku sanar da ma'aikatar kiwo.

Ku tuna kuma, ƙasarmu ta kafa dokar farauta da kare namun daji a 1998. Kafin ku kama tsuntsun daji ko ku yi fataucinsa, ku tuntuɓi ma'aikatan gandun daji.

Kanarin da ya tashi a keji ya saba da mutane, ba ya dukan kansa da kara don neman fita kamar na kamu. Aikin na son haƙuri, ba a cika samun nasara a kwancin farko ba. Amma wanda ya jure zai samu na saurare, ya samu na sayarwa, kuma gobe ɗiyanmu su ji kukan kanari a kan itacen gona kamar yadda muka ji.

Allah ya ba mu sa'a, amin.

Naku, malamin gona.