Yadda Ake Zama Gwanin Goge

’Yan uwa ɗalibai, goge kayan kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya. Ana rufe bakin ƙwarya da fatar guza, a soka mata sanda, a ɗaura gashin wutsiyar doki da ake kira tsagiya. Wani ɗan itace mai suna jaki ne ke ɗaga tsirkiyar daga kan fata. Kukuma ƙanwar goge ce, ita ce Garba Supa na Kano da Hassan Wayam da Ahmadu Doka suka yi suna da ita.

Wahalar goge ita ce babu wata alama a jikinsa da ke nuna inda za a ɗora yatsa. Idan yatsa ya goce kaɗan, sauti ya ɓaci. Saboda haka kunne ake fara horarwa kafin hannu. Mai koyo yakan zama yaron wani gwani, yana ɗaukar masa kaya, yana amshi, yana kaɗa ƙwaryar rakiya. Sai kiɗan ya zauna masa a kunne sannan maigida ya bar shi ya goga a gaban jama’a. Wannan kan ɗauki shekaru.

A Turai akwai ɗan uwan goge da ake kira celo. Yana da tsirkiya 4, kuma saboda girmansa a zaune ake kaɗa shi, an jingine shi tsakanin gwiwoyi. Shi ma ba shi da alamar yatsa. Bambancin shi ne can ana koyonsa a makarantun kiɗa, da rubutattun alamomin sauti da jarrabawa. Pablo Casals, mutumin Sifaniya da aka haifa a 1876, yana ɗan shekara 13 ya tsinci kaɗe-kaɗen celo na Bach a wani shago a Basalona. Ya shafe fiye da shekara 10 yana bitarsu kafin ya yarda ya kaɗa su a bainar jama’a. Har tsufansa yana koyar da matasa. Ya rasu a 1973. A Najeriya ma ana koyar da celo a makarantar MUSON da ke Legas.

Ga inda gizo ke saƙa: kiɗan celo a rubuce yake, ko gwani ya mutu takarda na nan. Kiɗan goge kuwa a kan maigida da yaransa yake. Ranar da gwani ya rasu bai yaye kowa ba, sai dai abin da aka naɗa a kaset, sauran ya tafi da shi.

Don haka ƙungiyarmu na roƙon kowa ya tambayi dattawan Sifawa da Boɗinga da Shagari: su wane ne masu goge na da a yankinmu, kuma wa ya koya musu? Ku rubuto mana abin da kuka samo, za mu liƙa shi a wannan allo.