Silifa takalmin gida ne, ba na gona ba

Silifa takalmi ne mai arha da sauƙin sawa, kuma yana da amfani. Akwai wata ƙaramar tsutsa da ke rayuwa cikin ƙasar da aka yi bayan gida a kanta. Tana shiga jiki ta fatar ƙafa, ta zauna cikin hanji tana shan jinin mutum. Sa silifa yana rage wannan haɗari.

Amma silifa ba ya rufe yatsu da diddige da idon sawu. Lokacin noma da girbi, kububuwa tana ɓuya cikin ciyawa da ƙarƙashin dammunan gero, kuma sau da yawa a ƙafa take sara. Ƙaya da tsohuwar ƙusa kuwa suna huda robar silifa. Irin wannan rauni yana iya kawo tetanos, ciwon da ke sarƙe haƙora, yana kuma kisa.

Ga abin da ya kamata a kiyaye:

1. In za a tafi gona ko feshin maganin ƙwari, a sa rufaffen takalmi.
2. Kada a tuƙa babur da silifa.
3. In ƙasan silifa ya cinye, a sake wani, domin yana santsi a bakin rijiya.
4. In ƙusa ta soki ƙafa, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a je likita a ranar domin allurar tetanos.
5. In maciji ya yi sara, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure. A kai mutum likita da gaggawa.

Lafiyar ƙafar manomi ita ce cikar rumbunsa.