Fitilar injin ta kama a motar a-kori-kura: me take nufi, kuma yaushe ya kamata direba ya tsaya?

A garejojin Yamai, Maraɗi da Damagaram akwai wani aiki da ba ya ɗaukar minti biyar. Mai Hilux zai zo da fitila mai ruwan ɗorawa a kunne a allon gabansa, a jona wa motar na'ura, a goge, fitilar ta mutu, ya biya ya kama gabansa. Kwana biyu ko uku sai ta dawo. Wasu kuma ba su ma zuwa gareji: su cire kan batir na ɗan lokaci, ko su manna baƙin salatif a kan fitilar don kada ta dame su. Duk cikin waɗannan babu wanda ya taɓa abin da ke damun injin. Ga motar da ke ɗaukar buhunan albasa daga Galmi ko ke bin hanyar Agadas zuwa Arlit, kimanin kilomita 240 da ba gareji a kowane lungu, wannan sakaci yana iya zama asarar injin baki ɗaya.

Abin da ya kamata direba ya fara dubawa shi ne launin fitilar. Ja na nufin a tsaya. Ruwan ɗorawa na nufin akwai matsala, amma galibi ana iya lallaɓawa a kai gareji. Kore da shuɗi sanarwa ce kawai, kamar ta sigina ko ta babbar fitilar gaba.

Cikin jajayen, mafi haɗari ita ce mai siffar butar mai. Mutane da yawa na ɗauka tana cewa baƙin mai ya ragu, a ƙara in an isa gari. Abin da take faɗa ya fi haka muni: ƙarfin da ke tura mai zuwa sassan injin ya faɗi, ƙarfe na gogar ƙarfe. Injin da ke aiki a wannan hali yana iya cijewa cikin 'yan mintoci. A sauka gefen hanya, a kashe mota, a jira kaɗan, a zaro sandar awon mai. In man ya yi ƙasa, a ƙara a sake tayarwa. In man ya cika amma fitilar ba ta mutu ba, motar nan sai dai a ja ta. Fitilar zafi ita ma haka, tare da gargaɗi ɗaya da kowane yaron mota ya sani amma ake yawan mantawa: ba a buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Fitilar batir kuwa ba kasafai take nufin batir ya mutu ba. Cajin ne ya tsaya, ko dai na'urar cajin ta lalace ko bel ya tsinke. A motoci da dama bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, saboda haka in ta kama a sa ido a kan allurar zafi nan take.

Sai fitilar da ta fi rikita mutane, mai siffar injin, wadda a wasu motocin aka rubuta mata CHECK, masu jin Faransanci kuma ke ce mata voyant moteur. Halinta biyu ne. In ta tsaya cik a kunne, mota na tafiya daidai, babu baƙon sauti, babu zafi, ana iya ci gaba da tafiya a hankali har a samu mai dubawa. In tana ƙyaftawa, a motar fetur wannan alama ce cewa wata silinda ba ta ƙona manta. Ɗanyen fetur ɗin na zarcewa cikin salansa, ya je ya kama da wuta a cikin matatar hayaƙi, ya narkar da ita. A nan a sassauta totur, a rage kaya in da hali, kada a yi nisa.

Abin da kwamfutar mota ke rubutawa

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu a farkon shekarun 2000, ta fara da motocin fetur, daga baya na gazuwal. Shi ya sa kusan duk a-kori-kurar da ke da kwamfutar injin, Hilux ce, Navara, L200 ko Ranger, za ka same ta da wata mahaɗa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. A nan ake jona na'urar da makanikan Nijar ke kira valise. Akwai ƙananan irinta masu araha da ke haɗuwa da wayar hannu, kuma suna iya karanta yawancin lambobin injin, ko da yake ba su shiga ko'ina kamar ta manyan garejoji.

Abin da na'urar ke nunawa harafi ne da lambobi huɗu. Harafin P na injin da giya ne. P0300 na nufin silindoji na tsallake ƙonawa ba a wuri ɗaya ba. P0301 zuwa P0304 na nuna wace silinda ce daga ta ɗaya zuwa ta huɗu. P0171 na cewa iska ta yi yawa a kan mai. P0420 na ƙorafi ne kan matatar hayaƙi. P0401 na nufin hayaƙin da bawul ɗin EGR ke mayarwa cikin injin bai kai yadda ake so ba, yawanci saboda baƙin toka ya toshe hanya. P0087, wadda masu gazuwal ke yawan gamuwa da ita, na cewa ƙarfin mai a bututun da ke ciyar da nozul ya yi ƙasa.

Kuskuren da ke cinye kuɗin masu mota shi ne ɗaukar lambar a matsayin sunan kayan da za a saya. Lambar ba ta ce wani abu ya lalace ba. Ta faɗi inda kwamfutar ta ga awon da bai yi mata daidai ba. A ɗauki P0171. Injin fetur na son kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai, in an auna da nauyi. In sansar da ke salansa ta ga iska ta yi rinjaye, za ta kai rahoto, kuma sau da yawa gaskiya ta faɗa. Mai laifin yana iya zama tiyon iska da rana ta busar ya tsage, ko sansar awon iska da ƙura ta lulluɓe, ko famfon mai da ya gaji, ko matatar mai da ta toshe. Makanikin da ya ga lambar ya ce a sayo sabuwar sansa, ba tare da ya duba tiyo ko ya auna ƙarfin mai ba, ya hukunta ɗan aike ne ya bar mai saƙo. Haka P0087: kafin a yi maganar famfo ko nozul, waɗanda kuɗinsu ke da nauyi, a fara da matatar gazuwal.

Akwai kuma dalilin da ya sa gogewa tun kafin bincike ke cutar da mai mota. Lokacin da fitilar ta kama, kwamfutar na ajiye hoton halin da injin ke ciki a daidai wannan lokaci: gudun juyawarsa, zafinsa, nauyin da yake ja, saurin motar. Da wannan ne makaniki zai gane ko matsalar ta sanyin safiya ce ko ta hawan tudu da lodi. Gogewa na share shi, kuma a motoci da yawa cire kan batir ma haka. Don haka a rubuta lambar a takarda ko a ɗauki hotonta da waya kafin a yarda a taɓa komai. In gyaran ya yi, fitilar kan mutu da kanta bayan an yi tafiya kamar sau uku kwamfutar ba ta sake ganin matsalar ba.

Masu Tacoma da Tundra da aka shigo da su daga Amurka su san wani abu ƙarami: murfin tankin da bai ɗauru sosai ba ya isa ya kunna fitilar injin, domin motocin can na sa ido a kan tururin fetur da ke fita.

Ƙura, mai da ruwa

Yawancin abin da ke kunna wannan fitila a yankinmu daga abu biyu yake fitowa, ƙura da ingancin mai. A lokacin hunturu, ko a hanyoyin burji da na rairayi, matatar iska na cika tun kafin wa'adin da littafin mota ya ɗiba mata. Busa ta da iska na taimakawa sau ɗaya ko biyu, amma iska mai ƙarfi na huda takardar, kuma matatar da ta huje ta fi wadda ta toshe illa, tunda yashi zai wuce kai tsaye cikin silinda da turbo. A ɗaga ta a hasken rana. In an ga rami ko bakin robarta ya saki, ta gama aiki.

Man kwalba da na jarka da ake saya a bakin hanya ba duka ne marar kyau ba, amma babu mai iya ba da tabbacin abin da ya shiga cikinsa. Tsofaffin injina irin 1HZ na Land Cruiser mai lita 4.2, da famfonsa na ƙarfe zalla, suna haƙuri da abubuwa da yawa, kuma wannan na cikin dalilan da direbobin Agadas ke riƙe da su. Injinan Hilux na zamani, 2KD da 1KD na samfurin da ya fito a 2005, da 2GD da 1GD da suka zo a 2015, ba su da wannan haƙurin. Suna tura gazuwal da ƙarfin da ya haura bar 1,000 ta ramukan da ido da ƙyar yake gani. Ruwa kaɗan ko ƙasa kaɗan ya isa ya ci nozul. Shi ya sa Hilux ta gazuwal ke da fitila ta musamman ta matatar mai. In tana ƙyaftawa, ruwa ya taru a gindin matatar, a tsaya a kwance maƙunshin ƙasa a zubar da shi, a danna ɗan famfon hannu da ke sama har mai tsabta ya fito. In ta tsaya a kunne, matatar ce ta toshe, sai canji. Mai doguwar tafiya bai kamata ya bar gari ba tare da sabuwar matata a cikin mota ba.

Wani lokaci fitilar na zuwa tare da mutuwar jiki: a taka totur mota ta ƙi ja. Ba lallai ne injin ya lalace ba. Kwamfutar ce ta rage masa ƙarfi da gangan don ta kare shi, kuma ba za ta sake shi ba sai dalilin ya gushe.

Dole a faɗi wasu al'adu biyu na garejojinmu, domin su ma suna kunna fitila. Na farko cire bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa, wai ƙasarmu na da zafi, ba a buƙatarsa. Injin mai kwamfuta an gina shi ne ya yi aiki a wani zafi sananne, tsakanin digiri 80 da 95 a galibin motoci. In bai kai nan ba, kwamfutar na ci gaba da ba shi mai kamar yanzu aka tayar da shi, shan mai ya ƙaru, toka ta taru, wasu motocin su fitar da P0128. Motar da ke zafi, lagiretonta ko fankarta ko famfon ruwanta ne ke da magana. Na biyu fasa matatar hayaƙi a kwashe abin cikinta, wanda makanikan Najeriya ke yi wa laƙabi da indomi, saboda yana da masu saye. Motar da aka yi wa haka za ta riƙa nuna P0420 har abada, kuma babbar illar ita ce direba ya saba da ganin fitilar a kunne. Ranar da matsala ta gaske ta zo, babu abin da zai sanar da shi.

Sabis na yau ba irin na da ba ne

A zamanin kafireto, makaniki kan saita injin da kunne da sukundireba, ya ƙara iska, ya rage mai, ya gyara lokacin wuta. A injin mai kwamfuta kusan babu abin murɗawa. Sabis ya koma canza abin da ya gaji da wanke abin da ya yi datti. Alamomin da ke nuna lokaci ya yi sanannu ne: wahalar tashi da safe, rawar injin in mota na tsaye, shan mai fiye da yadda aka saba, sanyin jiki a kan tudu. Hayaƙi ma na magana. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan injin ya yi zafi kuwa ana zargin ruwa na shiga silinda ko nozul ba ya fesawa daidai.

Littattafan mota kan ba da wa'adi biyu, na tafiyar yau da kullum da na aiki mai tsanani, wato ƙura, lodi mai nauyi da yawan tsayuwa injin na aiki. A-kori-kurar da ke aiki a Sahel tana cikin rukuni na biyu ko mai ita ya yarda ko bai yarda ba. Ga ta gazuwal, juyen baƙin mai da matatarsa duk kilomita 5,000 shi ne abin da ya dace. Ga ta fetur, irin Hilux mai injin 2TR na lita 2.7 da ya yi yawa a Najeriya, sai a ƙara da buji, wanda ake ce wa filogi a Kano. Na gama-gari na gajiya da wuri, na iridiyom na iya kai kilomita 100,000 in na ainihi ne, sai dai jabunsa ya cika kasuwa. Injin gazuwal ba shi da irin wannan buji. Nasa na ɗumama silinda ne kafin tashi. Batir mai lafiya na nuna kimanin bolt 12.6 in mota na kashe, 13.5 zuwa 14.5 in tana aiki, kuma wutar da ta yi ƙasa na iya sa kwamfuta fitar da lambobin da ba su da tushe.

Fitilar T-BELT ta Hilux mai 2KD ko 1KD ba ta gano komai, ƙidaya kawai take yi. Tana kamawa a kilomita 150,000 don tunatar da canjin bel ɗin da ke daidaita bawuloli da fistin. Ana iya kashe ta ba tare da an canza bel ɗin ba, kuma ana yin hakan. In ya tsinke mota na gudu, fistin zai daki bawul, daga nan sai garambawul. Injinan GD da 2TR sarƙa suke da ita, ba su da wannan wa'adi.

Ga mai shirin sayen a-kori-kura ta hannu, akwai gwajin da ba ya buƙatar ko sisi. A murɗa makulli har allon ya kawo wuta, kada a tayar da injin. Fitilar injin, ta baƙin mai da ta batir dole su kama duka, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ko an rufe ta daga ciki. In an samu na'ura, a duba sashen gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta: in yawancinsu na nuna ba a kammala ba, an goge lambobin ne kwanan nan, sai a nemi a yi doguwar tafiyar gwaji da motar, a sake jona na'urar kafin a yi ciniki.