Mota Mai Aiki Da Lantarki: Amfaninta Da Tsadarta

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin duk mai abin hawa a ƙasar nan ya sāke. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Wannan ne ya sa mutane suka fara tambaya game da motoci da babura masu aiki da lantarki, waɗanda ba su shan fetur ko kaɗan. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa mai karatu yadda abin yake, don kada ya sayi abin da zai zame masa kaya, kada kuma ya ƙi abin da zai amfane shi saboda rashin sani.

Za mu ɗauki unguwar Sabo ta birnin Ibadan a matsayin misali, domin irin sufurin da ake yi a cikinta ya haɗa kusan kowane iri. An kafa Sabo a shekarar 1916 don ta zama mazaunin Hausawa, kuma tun daga lokacin arzikinta ya rataya a kan hanya: shanu su gangaro daga Arewa, goro ya hau daga ƙasar Yarabawa. A yau akwai ɗan acaba da ke yini tsakanin Mokola da Dugbe, akwai mai Keke Napep, akwai direban ƙaramar tasi, akwai attajiri mai zuwa Legas ya komo a ranar, akwai kuma mai babbar mota da ke kawo tumatir da albasa daga Kano ko Sakkwato. Dukansu fetur ko man dizal ya dame su, amma amsar da ta dace da kowannensu dabam ce.

Yadda take aiki

Motar fetur tana ƙona mai a cikin inji, ƙarfin ƙonewar ya juya ƙafafu. Yawancin ƙarfin man nan yana salwanta ne ya zama zafi da hayaƙi, abin da ke kai wa ga taya bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ita kuwa mai lantarki, babban batir ne aka shimfiɗa a ƙarƙashinta, shi ke ba da wuta ga wani inji mai juyawa, ɗan'uwan wanda ke cikin fanka ko famfon tura ruwa, sai dai ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Fiye da kashi uku cikin huɗu na wutar da aka zuba mata yana isa ga taya. Ba ta da filogi, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai. Har wa yau, in direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki, injin yana maido da wani abu na wutar cikin batir, abin da ke da amfani ƙwarai a gari mai tuddai da gangara kamar Ibadan.

A duniya abin ya daɗe da wuce gwaji. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 an sayar da irin waɗannan motoci, har da masu haɗa batirin caji da injin fetur, fiye da miliyan 17, watau fiye da ɗaya cikin kowace mota biyar sababbi. A ƙasar Sin sun kai kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a shekarar, a Norwe kuwa kusan tara cikin goma. A nan Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da na dizal a 2024, domin tana da wutar madatsun ruwa mai araha, kuɗin waje na sayo mai kuma ya yi mata nauyi.

Lissafin kuɗi

Mutanen Sabo 'yan kasuwa ne, ba a sayar masu da abu da daɗin baki, saboda haka bari mu ɗauki alƙalami. Ƙaramar motar fetur a cikin gari takan sha kamar lita 8 a tafiyar kilomita 100. In muka ɗauka lita tana naira 900, kuɗin ya zama naira 7,200. Mai lantarki mai irin wannan girma takan ci wajen yunit 17 na wuta a wannan tafiya. Farashin wuta mafi tsada ga gidaje shi ne na rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. A watan Afrilu 2024 aka kai shi naira 225 kowane yunit, daga baya a shekarar aka sauko da shi kusa da naira 210. Yunit 17 a kan naira 210 ya kama kusan naira 3,600. Ke nan ko da wuta mafi tsada, mai motar lantarki yana biyan rabin abin da mai fetur ke biya. Farashi yana hawa yana sauka, don haka mai karatu ya sa na ranar da yake karatu ya sake bugawa da kansa.

To, amma akwai sharaɗi babba, kuma a nan ne da yawa za su yi tuntuɓe. Lissafin nan yana tsayawa ne in wutar daga layin kamfani ta fito, ko daga faifan hasken rana. Ƙaramin janareta na fetur ba ya ba da fiye da kamar yunit 2 daga kowace lita. Wanda ya yi cajin yunit 17 da shi ya ƙona lita 8 da rabi, watau fiye da abin da motar fetur za ta sha a tafiyar. An gudu ba a tsira ba ke nan, ga ƙara, ga hayaƙi, ga kuma kuɗin mota mai tsada da aka riga aka biya. Duk wanda unguwarsa ba ta samun wuta sai awa huɗu ko biyar a rana, kuma ba shi da halin kafa faifan rana masu yawa, lalle ya dakata tukuna.

Sai batun kuɗin saye. Mota mai lantarki ta fi takwararta tsada, musamman da yake yawancinmu ba sabuwa muke saye ba, 'yar Kwatano ce, wadda Yarabawa ke kira tokunbo. A ɗauka, alal misali, bambancin kuɗin naira miliyan 10 ne. Ma'aikaci ko ɗan canjin da ke tafiyar kilomita 1,000 a wata zai rage naira 36,000, a shekara naira 432,000. Kafin ya maido da miliyan 10 ɗinsa sai ya shekara fiye da 20. Direban tasi kuwa mai yin kilomita 200 kullum, kwana 26 a wata, zai rage kusan naira 187,000 a wata, ya maido da kuɗinsa cikin shekara huɗu da rabi, ban da abin da ya huta na baƙin mai da zuwa gareji. Mota ɗaya ce, farashi ɗaya, amma yawan tafiya ya raba su. Wanda ya fi wahalar da abin hawansa shi ya fi cin moriyar lantarki.

Wa zai fara amfana?

A ganinmu, ɗan acaba da mai Keke Napep ne a sahun gaba, ko da yake ba su ne ake nunawa a hotunan talla ba. Tafiyarsu gajera ce, a cikin gari take, kuma kullum ce. Batirin babur ƙarami ne, mutum ɗaya yana iya ɗaga shi, shi ya sa kamfanoni suka fito da dabarar musaya: ɗan acaba ya zo tasha da batirin da ya yi sanyi, a zare shi a sa masa cikakke cikin 'yan mintoci, ya biya kuɗin wutar ya koma bakin aiki. Ba ya jiran caji, ba ya kuma ɗaukar asarar batir in ya tsufa, domin na kamfani ne. Jihar Ogun, maƙwabciyar Oyo, ta ƙaddamar da irin wannan shiri tare da kamfanin Spiro a 2024. Abin lura shi ne kuɗin musaya ya fi farashin mita, tun da kamfani zai fid da kuɗin batirinsa da ribarsa. Sa'an nan babur ɗin ba ya aiki sai da batirin kamfanin da ya yi shi, saboda haka kafin mutum ya sa hannu a takarda sai ya ƙirga tashoshin musaya nawa ne a hanyoyin da yake bi, ya kuma tambayi abin da zai faru in ya kasa biyan kuɗin mako.

Mai zuwa Legas ma yana da hanya. Tsakanin Ibadan da Legas bai kai kilomita 150 ba, motar Hyundai Kona mai batir na yunit 64, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka nuna ta a watan Nuwamba 2020, an ce tana wuce kilomita 400 da caji ɗaya. Za ta je ta komo. Gudu mai yawa da na'urar sanyaya mota suna rage wannan nisa, kamar yadda suke ƙara shan mai.

Wanda lokacinsa bai yi ba shi ne mai doguwar hanya. Daga Ibadan zuwa Kano ta Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa da Kaduna ya fi kilomita 800. Gidan mai yana kowane gari, wurin caji mai sauri kuwa bai yawaita a wannan hanya ba. Batirin da zai ja tirela cike da shanu ko buhunan albasa yana da nauyi da tsada ainun, nauyinsa kuma yana rage kayan da za a ɗora. Ga irin waɗannan motoci, iskar gas da Gwamnatin Tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023 ta fi kusa da hannu.

Caji a gida

Soket na ɗaki yana ba da kamar yunit 2 a awa. Cika batirin Kona daga ƙasa da shi zai ci fiye da kwana guda, amma maido da abin da aka kashe a tafiyar kilomita 50 awa huɗu ne kacal, ana barci ana yi. Na'urar caji ta bango takan cika shi a dare ɗaya, ta manyan tashoshi kuwa takan kai shi kashi 80 cikin 100 a wajen awa guda. Wahalar tsofaffin unguwanni irin su Sabo, ko Fagge a Kano, ita ce gidaje a haɗe suke, 'yan haya da yawa kan yi tarayya a mita ɗaya, wayoyin wasu gidajen sun tsufa, mota kuma a bakin titi take kwana. Jawo waya daga taga a tsallaka kwata da ita zuwa mota haɗari ne ga mai ita da maƙwabtansa. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyin gida, ya ja layi na musamman da makarinsa, a kuma daidaita da maigida da sauran 'yan haya kan wanda zai biya kuɗin wutar tun kafin rigima ta taso.

Batir

Batir shi ne mafi tsada a jikin motar, kuma shi ne abin da ido ba ya iya gane lafiyarsa. Farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa 2024, duk da haka sauya shi a mota aiki ne na miliyoyin naira. Yawancin kamfanoni suna ba da garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000 ga sabuwar mota. Wadda aka shigo da ita bayan ta yi shekaru a Turai ko Amurka, mai yiwuwa garantin ya ƙare ko kuma ba ya aiki a nan. Zafi yana gaggauta tsufan batir, don haka a nemi inuwa a ajiye mota, musamman a Sakkwato da Maiduguri cikin bazara, kuma a yau da kullum ya fi kyau a tsai da caji a kashi 80. Mutanen Ibadan sun san ɓarnar kogin Ogunpa a 1980 da ambaliyar watan Agusta 2011. Motar lantarki tana tafiya cikin ruwan sama lafiya lau, amma wadda ta nutse a ambaliya kada a tashe ta, kada a sa ta caji, a ajiye ta nesa da gini har masani ya duba, domin batirin da ya lalace yana iya kamawa da wuta bayan kwanaki, wutarsa kuma tana da wuyar kashewa.

Ga makanikai akwai gargaɗi na musamman. Wayoyi masu launin ruwan lemo a cikin irin wannan mota suna ɗauke da wuta mai ƙarfin kusan bolt 400, wadda ke kisa nan take. Gwanintar shekara talatin a kan injin fetur ba ta isa ba sai an sami horo. Taya, birki, giras da gyaran jiki duk suna nan yadda aka san su, aikin inji ne zai ragu sannu a hankali, kuma yaron da ke koyon sana'a a yau ya kamata ubangidansa ya bar shi ya haɗa da ilmin lantarki.

Abin da aka yi a ƙasar nan

Hukumar Tsara Motoci da Bunƙasa Su ta Ƙasa, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, ta kuma kafa irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa masu na lantarki, kuma a watan Disamba 2023 Gwamnatin Jihar Borno ta fito da tasi masu lantarki domin jigilar jama'a da rahusa. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗauke wa motocin lantarki harajin kayan saye na VAT. A shekarar ce kuma aka buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyom a Jihar Nasarawa, shi ne ma'adinin da ake yin batirin da shi. Duk wannan yana cikin alkawarin da Nijeriya ta ɗauka a taron Gilasgo na 2021, cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa kafin shekarar 2060. Amfanin da ya fi kusa da mu shi ne iskar da ɗan acaba, da mai tallar bakin titi, da ɗan makaranta ke shaƙa a cunkoson Mokola.

Kafin a biya kuɗi

Mai niyyar saye ya fara da ƙirga awa nawa gidansa ya sami wuta a kowace rana har tsawon wata guda, ya kuma rubuta kilomita nawa yake yi. Sa'an nan ya nemi mai sayarwa ya sa na'ura ya nuna masa lafiyar batir a rubuce, watau kashi nawa ya rage na ƙarfinsa na asali. Ya tambayi inda ake gyara da inda ake samun kayan gyara, ya je ya gani da idonsa. Ya duba bakin cajin motar, domin na Sin da na Turai da na Amurka da na Japan ba iri ɗaya ba ne, kuma ba kowace tasha ce za ta karɓi kowace mota ba. In Keke Napep ne, ya tabbatar ko batirinsa na litiyom ne ko na darma, domin na darma ya fi araha amma ya fi nauyi kuma ba ya daɗewa. Batirin da ya mutu kuwa kada a fasa shi, kada a jefa shi a juji ko a ba yara masu jari-bola, a mai da shi wurin kamfanin da ya sayar.