Masu Yawo Da Biro A Kasuwannin Kan Iyaka: Su Wane Ne, Me Suka Rubuta A Kanmu?

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana cin kasuwar Ƙonni da Illela, ko Gaya da Kamba, ko Ɗan Isa da Jibiya, ya taɓa ganinsu. Samari ne da ƴan mata, wani lokaci har da Bature, riƙe da littafi da biro da ƴar na'urar ɗaukar magana, suna bin rumfa-rumfa suna tambaya: daga ina kayan nan suka fito, wa ya ba ka bashi, shinge nawa ka wuce kafin ka iso? Da yawa daga cikin ƴan kasuwa da sun hango su sai su ja bakinsu su tsuke, don a zatonsu ƴan leƙen asirin duwan ne ko na masu karɓar haraji. To amma akasarinsu ba haka suke ba. Ɗalibai ne da malaman wani fannin ilimi da ake kira sosiyoloji, wato nazarin zamantakewar al'umma, tare da ƴan uwansu masu nazarin al'adu da tarihi da tattalin arziki. Abin da suke rubutawa kuwa yana isa teburin masu yanke shawarar buɗe iyaka ko rufe ta, saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya san su.

Sun daɗe suna rubutu a kan fatauci

Ba yau aka fara ba. A shekarar 1969 wani masani mai suna Abner Cohen ya fitar da littafi a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, inda ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ya tsaya a kan amanar mai gida: shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa idan an sayar da dabba bashi. A 1978 Mahdi Adamu ya rubuta tarihin bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma, a wannan shekarar kuma Enid Schildkrout ta fitar da nata a kan mutanen zangon Kumasi. Sai Paul Lovejoy a 1980 da ya bi sawun ayarin fataken goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja.

A nan Nijar, littafin da ya fi shahara shi ne na Emmanuel Grégoire, mutumin Faransa, wanda ya fito a 1986 a kan Alhazan Maraɗi. Ya nuna yadda suka taso daga cinikin gyaɗa, sannan suka bunƙasa da safarar kaya zuwa Najeriya tun daga lokacin yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970. Babban abin da ya gano shi ne, jarin Alhaji ba kuɗi kaɗai ba ne, har da abin da Maraɗawa ke kira arzikin mutane, wato barori da yaran gida da abokan hulɗa a kowane gefen iyaka. A 1994 kuma William Miles, ɗan Amurka, ya kwatanta ƙauyuka biyu maƙwabta, Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta wajen Magarya, don ya ga yadda mulkin Ingila da na Faransa suka raba jama'a guda. Daga baya Olivier Walther ya zauna a Gaya da Malanbil da Kamba, ya fitar da littafinsa a 2008 a kan manyan ƴan kasuwar wannan kusurwa ta ƙasashe uku, inda cinikin gwanjo ya yi ƙarfi.

Ba Turawa kaɗai ba. A 1992 John Igué da Bio Soulé, ƴan ƙasar Benin, suka bayyana yadda ƙasarsu ta zama kamar wani babban sito da ake sauke kaya a Kwatano don a wuce da su Najeriya. A 1999 Yahaya Hashim da Kate Meagher suka yi nazarin ƴan canji na Kano da yadda suke riƙe da cinikin tsallaken iyaka.

Cibiyar da ke Yamai

A yau, idan ana zancen wannan fanni a yankinmu, sunan da ake fara ambata shi ne LASDEL, wata cibiyar bincike da aka kafa a Yamai a shekarar 2001, mai reshe a Parakou ta ƙasar Benin. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahamane Tidjani Alou. Aikinta shi ne ta duba yadda ma'aikatun gwamnati ke tafiya a zahiri, ba yadda aka rubuta a takarda ba: asibiti, kotu, ofishin magajin gari, tashar mota. Ta wallafa rahotanni fiye da 100 a jerin da take kira Études et Travaux, kuma ana iya karanta su kyauta ta intanet.

Aikin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne binciken da Giorgio Blundo da Olivier de Sardan suka jagoranta a ƙasashen Benin da Nijar da Senegal a kan cin hanci na yau da kullum, wanda ya fito da Turanci a 2006, da Faransanci a 2007. Sun duba duwan da sufuri da shari'a da kwangilolin gwamnati. Nassirou Bako-Arifari, wanda daga baya ya zama ministan harkokin wajen Benin, shi ne ya yi nazarin duwan da ƴan tsakiya masu fitar da kaya. Abin da suka nuna shi ne, ɗan abin da ake miƙawa a shinge ba halin mutum guda ba ne, tsari ne mai ƙa'idojinsa da kowa ya sani amma ba a rubuta ba, kuma akwai masu cin abinci da wahalar da ake ɗora wa mai kaya. Wannan magana duk direban babbar mota ya san ta. Bambancin kawai, idan direba ya faɗa sai a ce ƙorafi ne, idan ta fito cikin littafi sai ta zama hujja.

Banda wannan cibiya, akwai IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, mai ajiyar tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, akwai kuma jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da ɗalibansu ke fita bincike a garuruwan da ke kewaye da su.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma duk sa'ad da aka taɓa ta, aljihun ɗan kasuwa ne ke fara ji. Manya ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare guda. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an sake rufewa a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, aka shafe watanni kafin a ɗage shi a Fabrairun 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar.

A duk waɗannan lokuta, a manyan birane ake yanke shawara, kuma sau da yawa sunan da ake kiran mai cin kasuwar iyaka da shi shi ne ɗan fasa-ƙwauri. Masu wannan bincike na cikin ƙalilan da suka rubuta cewa hatsi da wake da albasa da dabbobin da ke ƙetare iyaka su ne ke ciyar da miliyoyin mutane a ɓangarorin biyu, kuma hanyoyin fataucin sun girmi iyakar kanta. Idan ɗan kasuwa ya ƙi magana, ko ya faɗi abin da ba haka ba don ya sallami mai tambaya, to za a rubuta labarinsa ne daga bakin wasu. Hausawa dai sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Damar da ke ciki ga ƴaƴanmu

Babu binciken da ke yiwuwa ba tare da masu shiga cikin jama'a ba. Cibiyoyin bincike da ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar masu tambayoyi, da tafinta, da masu sauraren maganar da aka ɗauka su mayar da ita rubutu. Yaron da ya tashi a rumfar mahaifinsa, yana jin Hausa da Faransanci ko Turanci, ya san dillali da ɗan kamasho da ɗan canji, ya san abin da ake nufi da la'ada, ya fi wanda ya zo daga nesa dacewa da wannan aiki. Iyaye da yawa na ganin cewa in ba likita ko injiniya ba, karatun jami'a ɓata lokaci ne. Ya kamata a sake tunani.

Ga wanda ya yi nisa a karatu, akwai CODESRIA, majalisar masu binciken zamantakewa ta Afirka da aka kafa a 1973, mai hedikwata a Dakar. Tana buga littattafai da mujallu, kuma a tsawon shekaru ta tallafa wa ɗaliban jami'o'in Afirka da kuɗin kammala kundin digirinsu. LASDEL ma ta sha shirya horo na ƴan makonni ga matasan masu bincike daga ƙasashe daban-daban. Ita kuwa ƙungiyar masana sosiyoloji ta duniya ta yi babban taronta a Durban ta Afirka ta Kudu a 2006, ta kuma yi wani a Rabat ta Maroko a watan Yulin 2025. Sanarwar irin wannan dama tana fita ne ta shafukan cibiyoyin da kuma jami'o'i. Duk wanda ya zo yana neman ku ba shi kuɗi don ya samo wa ɗanku gurbi, ku yi hattara da shi.

Idan sun zo rumfarka

Kana da haƙƙin ka tambayi mai bincike sunan jami'a ko cibiyar da ta aiko shi, ka nemi ganin takardarsa, ka kuma ji ko ya gaida sarkin kasuwa ko shugabannin ƙungiyarku. Ƙa'idar aikinsu ce kada su rubuta sunanka in ba ka yarda ba, kuma kana iya ƙin amsa duk tambayar da ba ta kwanta maka ba. Mai binciken gaskiya ba ya neman lambar asusunka, ba ya kuma alkawarin kawo tallafi.

Sai dai akwai bashin da su ma masanan ya kamata su biya. Kusan duk littattafan da muka ambata da Faransanci ko Turanci aka rubuta su, wasu ma tsadarsu ta fi ƙarfin malamin makaranta, balle a same su a kasuwar Maraɗi. An ɗauki maganar da Hausa, an tafi da ita, ba ta dawo da Hausa ba. Lokaci ya yi da ƙungiyoyin ƴan kasuwa za su sa sharaɗi tun farko: in an gama aiki, a dawo a tara jama'a a faɗa musu abin da aka gano, a kuma taƙaita shi da Hausa a ba gidajen rediyon al'umma su watsa. Da irin wannan takarda a hannu ne shugabannin ƴan kasuwa za su zauna da gwamna ko shugaban duwan su yi magana da hujja. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.